Autanmu zai tafi karatu tsibiran Orkney: ta ina zai bi kuɗin su isa?

Malamin Firamare, ƙasar Jahun

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya, musamman 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya da waɗanda suka taɓa zama can.

Autan gidanmu ya samu gurbin digiri na biyu a fannin wutar lantarki da ake samarwa daga iska da igiyar teku. Jami'ar Heriot-Watt ce, amma ba babban mazauninta na Edinburgh ba, reshenta ne da ke wani ɗan gari mai suna Stromness, a tsibiran Orkney da ke arewa da Sikotilan. Za su fara a watan Satumba. Tallafin da ya samu ya ɗauke kuɗin makaranta da na biza, kuma akwai kuɗin abinci duk wata, sai dai ba za su fara shigowa ba sai ya yi rajista ya buɗe asusun banki a can. Ke nan kuɗin hanya da na makonnin farko a wuyanmu suke.

Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba. Na fitar da riɗin da muka ɓoye tun bara na sayar, da aka gama huɗa kuma na kai sa ɗaya cikin shanun garmarmu kasuwar Maigatari. Abin da ke hannu ke nan, ga damina, ga taki bai gama shiga gona ba. Fam yana da tsada a kan naira, don haka duk fam goma da aka ɓatar a banza ni na san abin da ya tafi.

Yaron ya duba a waya ya ga akwai jirgin sama har Kirkwall, babban garin tsibiran, amma da ya haɗa kuɗin tun daga gida sai jikinmu ya yi sanyi. Wai akwai jirgin ruwa mai sauƙin kuɗi. To a nan matsala ta biyu take. Innarmu tun da kwalekwale ya kife da 'yar ƙanwarta a ambaliyar 2022 ba ta son a ambaci ruwa a gabanta, kuma ni ba zan yi mata ƙarya ba. In zai hau ruwa sai na faɗa mata, ina so kuma in faɗa mata abin da na tabbatar.

Don Allah ta ina ya fi dacewa ya bi? In ya sauka a ina zai kwana kafin ya samu ɗaki? Me zai ɗauka daga gida don kada ya saya da tsada a can? Yaro ne mai haƙuri, wahalar hanya ba ta dame shi ba, amma bai taɓa wuce Abuja ba.

Ɗan Ringim a Aberdeen

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa ya gama lafiya. Wurin da zai je ba ƙaramin wuri ba ne a fanninsa. A Stromness ɗin nan ne cibiyar EMEC take, inda tun 2003 ake gwada injinan da ke samar da wuta daga igiyar ruwa da hawa da saukar teku. Ya dace.

Bari in fara daga gida. Kada ya sayi tikitin da zai yada zango a Faransa ko Jamus ko Amsterdam don kawai ya ga ya fi sauƙi. Mai fasfon Najeriya yana cikin waɗanda ake nema wa bizar wucewa ta filayen jiragen ƙasashen Shengen, wato irin waɗannan ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya, ko da ba zai fita daga filin jirgin ba, kuma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai bai kamata mutum ya dogara da bizarta a wannan wurin ba. Ya nemi wanda zai bi ta Doha ko Istanbul, domin dukansu suna da jirgi kai tsaye zuwa Edinburgh. Sauka a Edinburgh ya fi masa sauka a Landan nesa ba kusa ba. Daga Landan zuwa Aberdeen awa bakwai ne a jirgin ƙasa, daga Edinburgh kuwa awa biyu da rabi. Sau da yawa abin da mutum ya rage a tikitin Landan a hanya yake ƙarewa, ga jan akwati cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ga wanda bai san gari ba.

Daga Edinburgh hanya biyu ce.

Ta farko ta nan Aberdeen. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa tashar jirgin ruwan NorthLink tafiyar minti goma ce a ƙafa. Jirgin da ke tsayawa Orkney yana tashi ƙarfe 5 na yamma, ya isa wajen 11 na dare, awa shida ke nan a kan teku, daga nan ya wuce tsibiran Shetland da ke can arewa. Amma ba kullum yake tsayawa Orkney ba. Wasu ranakun miƙewa yake yi Lerwick, babban garin Shetland, kai tsaye, to ya duba jadawali da kyau kafin ya sayi tikitin jirgin sama, ba bayan ya saya ba. Kuma inda yake sauke mutane, Hatston, a gefen Kirkwall yake, akwai sauran kilomita 20 da wani abu zuwa Stromness a tsakiyar dare.

Ta biyu ita nake ba shi shawara. Daga Edinburgh ya hau jirgin ƙasa ko bas zuwa Inverness, wajen awa uku da rabi. Ya kwana a can. Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa Thurso, tasha mafi nisa a arewacin Birtaniya, kusan awa huɗu. Daga Thurso zuwa bakin ruwa a Scrabster kilomita uku ne. Jirgin da ke can sunansa Hamnavoe, minti 90 yake yi, kuma cikin garin Stromness ɗin yake sauke mutum, ba sai ya nemi wata mota ba. Sau biyu ko uku yake ƙetarawa a rana. Jiragen ƙasan Thurso kaɗan ne, ran Lahadi ma ɗaya ne tak, don haka ya kauce wa Lahadi. Akwai kuma bas daga Inverness da ke bin hanyar.

Sirrin araha a ƙasar nan ɗaya ne, saye da wuri. Tikitin jirgin ƙasa na rangwame yakan fito makonni kafin ranar tafiya, wanda aka saya ranar tafiyar kuwa yana iya ninka shi. Illarsa shi ne na jirgi ɗaya ne a ƙayyadadden lokaci, in ya wuce ka ya wuce da kuɗinka. Shi ya sa na ce ya kwana a hanya. Kada ya jera jirgin sama da jirgin ƙasa da jirgin ruwa a rana ɗaya. Layin shige da fice kaɗai yana iya cinye masa awa biyu. Ya kuma yi katin rangwame na matasa, akwai na 'yan shekara 16 zuwa 25 da na 26 zuwa 30, yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgin ƙasa, a waya ake yin sa.

Maganar Inna kuwa, a gaishe ta, a ce ta kwantar da hankalinta. Jirgin ya wuce mita 100 a tsawo, yana ɗaukar ɗaruruwan mutane da motoci har da manyan motocin kaya a cikinsa, akwai wurin cin abinci da kujeru da banɗaki. Gaskiya mashigin da yake ƙetarawa, Pentland Firth, ruwa ne mai ƙarfin gaske, yana cikin wuraren da teku ya fi gudu a duniya, kuma ba zan ɓoye muku ba, ran da ake iska jirgin yana tangaɗi har mutum ya yi amai. Amma in iskar ta wuce misali ba sa tashi sam, soke tafiyar suke yi su mayar da mutum jirgi na gaba. Nuna mata hoton jirgin a waya, ganin zai fi mata bayani.

Anti Nas, 'yar Rano

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da alheri, ba kowane yaya ke yin haka ba. Ni aikin jinya nake yi a arewacin Sikotilan, kuma na yi aikin wucin gadi a tsibiran.

Duk abin da ɗan'uwana na Ringim ya faɗa haka ne, amma ni a ganina kun sa ido a wurin da ba nan kuɗin ke zurarewa ba. Hanya sau ɗaya za a biya ta. Ɗaki ne abin tsoro.

Mutanen Orkney gaba ɗaya wajen 22,000 ne, Stromness kuwa ba ta fi mutum dubu biyu da 'yan kai ba. Gidajen haya kaɗan ne, kuma da yawa daga masu su sun fi son ba wa 'yan yawon buɗe ido na mako-mako a lokacin bazara, saboda a nan riba take. Daga Mayu zuwa Agusta kuɗin ɗaki tashi yake yi kamar farashin rago ana jibi layya. Abin da ɗalibai kan samu shi ne hayar hunturu, wato mai gida ya ba ka daga kaka zuwa wajen Afrilu ko Mayu, baƙi na fara zuwa ya ce ka tashi. Shi kuma yaronku karatunsa na shekara guda ne, lokacin da zai zauna rubuta kundin bincikensa shi ne daidai lokacin da za a ce ya fita. To tun yanzu, yau ɗin nan, ya rubuta wa ofishin makarantar a Stromness ya ce su haɗa shi da masu gidajen da suka saba ba ɗalibansu, kuma su haɗa shi da waɗanda za su shigo tare da shi don su haɗa kuɗi su kama gida ɗaya. Tambayar farko da zai yi wa mai gida: har wane wata? Ta biyu: da kuɗin wuta a ciki ko babu?

Wannan ta biyun kada ya raina ta. Tsibiran suna samar da wutar da ta fi bukatarsu daga iska, amma hakan bai sa ta yi araha ga mai haya ba. Ba su da bututun gas irin na manyan birane, ɗumama ɗaki da lantarki ne ko da mai, gidajen kuma da yawa tsofaffin ginin dutse ne masu shan sanyi. Orkney na cikin yankunan da kuɗin ɗumama gida ya fi gallabar mutane a duk Sikotilan. Na san 'yan'uwanmu da suka kama ɗaki mai sauƙin haya suna murna, watan Disamba ya zo mita ta cinye abin da suka rage har da ƙari, suka koma kwana cikin riga uku suna tari. Ɗakin da hayarsa ta ɗan ɗara amma wuta na ciki ya fi.

A dokar Sikotilan kafin alƙalamin da mai gida zai karɓa ba ya wuce hayar wata biyu, kuma dole ya ajiye shi a wata hukuma mai zaman kanta, ba a aljihunsa ba. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma, amma sai ya kai takardar shaida daga makaranta. Kuma don girman Allah kada ku tura wa kowa ko sisi a kan hoton ɗaki da aka gani a Facebook. Wanda makaranta ba ta san shi ba, a bari sai yaron ya je ya gani da idonsa.

Na kwanakin farko, akwai masaukan matafiya masu araha, irin waɗanda ake kwana mutum huɗu ko shida a ɗaki, gado kan gado, da kicin na kowa da kowa. Akwai a Stromness, akwai a Kirkwall, akwai a Inverness inda zai kwana a hanya. Kicin ɗin shi ne ribarsu, domin cin abinci a waje sau biyu a rana zai karya shi cikin mako ɗaya. Wasunsu rufewa suke yi in hunturu ya shigo, don haka ya kama gado tun yana gida, na mako guda aƙalla.

Kaya kuma, kada ku je Kwari ko Kofar Wambai ku jibgo masa manyan rigunan sanyi. Sanyin can ba na ƙanƙara ba ne sosai, ruwan teku mai ɗumi da ke biyowa ta Atilantika yana tare shi, da wuya ma'aunin zafi ya daɗe a ƙasa da sifili. Iska ce da yayyafi, kuma babu itatuwan da za su tare ta. Laima ba ta da amfani, karyewa take yi. Abin da yake bukata riga ce wadda ruwa da iska ba sa ratsawa, mai hula, da takalmi rufaffe, da ƙananan riguna da zai riƙa jerawa a ciki. Ya zo da ɗaya da zai sa a hanya, sauran ya saya a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, suna nan a Kirkwall da Stromness, kayansu masu kyau ne kuma an ɗinka su don wannan yanayin. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarsa za ta yi.

Abu ɗaya a matsayina na ma'aikaciyar lafiya. A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 9 ta faɗi 3 da 'yan mintuna, kuma ko ta fito ba ta da ƙarfi. Hukumomin lafiya na nan suna ba masu baƙar fata shawarar shan sinadarin bitamin D, maikirogiram 10 kullum, duk shekara. Ba shi da tsada. Ya yi rajista da likita a makon farko. Ku kuma ku riƙa kiransa a watannin duhun nan, ko ba ku da abin faɗa. Kaɗaici da duhu sun fi sanyi kayar da yaranmu.

Malamin Firamare, ƙasar Jahun

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, maganar ɗaki ta shige ni, na sa shi ya rubuta wasiƙar a gabana kafin in tafi gona. Na nuna wa Inna hoton jirgin, ta daɗe tana kallo, ta tambaya ko da gaske motoci ne ke shiga cikinsa. Ba ta ce ta yarda ba tukuna, amma ba ta tashi ta bar wurin ba.

Sauran tambaya biyu. Matata ta riga ta sa a yi masa kilishi da dambun nama, Inna kuma ta tara man shanu. Za a bar shi ya shiga da su? Sannan maganar rana da Anti ta yi ta tayar mini da hankali ta wani ɓangaren. In rana tana faɗuwa ƙarfe 3 a hunturu, a bazara fa? Yaya salla da azumi?

Anti Nas, 'yar Rano

Kilishi da dambu da man shanu duk a bar su a gida, Malam. Doka ta hana shigar da nama da duk abin da aka yi da madara daga ƙasashenmu, ko busasshe ne. In aka gani ƙwacewa za a yi, in mutum ya ɓoye kuma yana iya jawo wa kansa tara, ga shi ranar farko da bizar ɗalibi. Ku ci kilishin tare kafin ya tafi. Abin da zai amfane shi kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da zoɓo, a daka, a ƙulle da kyau a leda, a rubuta sunan kowanne, in kwastan suka tambaya ya nuna. Shinkafa da taliya da semo da wake na gwangwani ya saya a can. Manyan kantunan Lidl da Tesco suna Kirkwall, rabin awa ne a bas daga Stromness, kuma sun fi ƙaramin shagon unguwa sauƙi, sai ya riƙa yin cefanen mako gaba ɗaya. Naman halal sai dai a yi oda daga manyan birane, kuma masu kawo kaya sukan ƙara kuɗi in adireshin tsibiri ne, don haka a haɗu mutum uku ko huɗu a yi oda ɗaya. Kifi da ƙwai za su riƙe shi.

Almajiri daga Kazaure

Assalamu alaikum. Malam, tambayarka ta salla tana da muhimmanci, kuma malamai sun daɗe da yin magana a kanta.

Mu a nan muna wajen daraja 12 ne arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa tsawon yininmu bai cika sauyawa sosai ba. Orkney tana daraja 59. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa wajen 4 na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen 10 da rabi na dare, yini ya haura awa 18. Azahar da la'asar da magariba ba su da matsala, tunda rana tana karkata kuma tana faɗuwa, sai a bi ta ko da lokacin ya zo baƙo. Inda aiki yake shi ne lisha da asuba, domin a makonnin tsakiyar bazara shafaƙi ba ya ɓacewa, jan magariba yana nan har ya haɗe da hasken alfijir. Alamar da muka saba dubawa babu ita.

Asalin da malamai suka dogara da shi hadisin Dujal ne da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da yinin da zai yi tsawon shekara, ya umarce su da su ƙaddara masa lokutansa. A kan haka wasu suka ce a bi lokacin gari mafi kusa da alamar ke bayyana a cikinsa, wasu suka ce a riƙe lokacin rana ta ƙarshe da shafaƙi ya ɓace, wasu suka raba dare kashi bakwai suka ba lisha kashin farko, asuba kashin ƙarshe. Akwai kuma malaman Turai da suka yi fatawar halaccin haɗa magariba da lisha a wannan lokacin ga wanda jira zai cutar da shi. Shawarata kada yaro ya zauna yana zaɓa da kansa a manhajar waya, yau wannan gobe wancan. Tunda zai kwana Inverness, akwai masallaci a garin, ya je ya gaida limamin, ya karɓi jadawalinsu, ya tambayi yadda zai daidaita shi da inda zai zauna, ya tsaya a kan abu ɗaya. A hunturu kuma ya kula, azahar da la'asar da magariba suna zuwa a jere cikin 'yan awoyi, duk yana aji, sai ya nemi wurin salla a makaranta tun farko.

Azumi kuwa Allah ya sauƙaƙa masa. A shekarun nan Ramadan yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, lokacin da yininsu bai fi namu tsawo ba, ga sanyi. Waɗanda suka yi azumi a can a 2015 da 2016, da ya faɗo a Yuni, su ne suka sha wuya.

Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ba gabas da muka saba ba. A hanya yana da rangwamen ƙasaru, in ya isa ya yi niyyar zama sai ya cika. Abincin teku kuma a mazhabarmu ta Malikiyya duk halal ne. Allah ne mafi sani.

Direba, Gumel

Ni ban san Turai ba amma na san hanyar Abuja. In daga can zai tashi, ya tafi kwana ɗaya kafin ranar, ya kwana wurin ɗan'uwa. Kada ya fito daga Jahun ranar da jirgi zai tashi, damina ce, mota tana iya lalacewa. Ya fara tambayar farashin tashi daga Kano ma, in bambancin bai kai kuɗin mota da kwana ba gara ya tashi a gida, Inna ta raka shi filin jirgi.

Ɗan Ringim a Aberdeen

Anti ta fi ni gaskiya a maganar ɗaki, na sallama. Ina da ƙari kaɗan.

Ya riƙe kuɗin kwana ɗaya ko biyu a gefe, wanda ba zai taɓa ba sai in iska ta hana jirgi tashi ya maƙale a Thurso. A Satumba ba kasafai ake samun haka ba, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu abu ne da aka saba. Ya sha maganin jiri kafin ya hau, ba bayan cikinsa ya fara juyawa ba, ya zauna tsakiyar jirgi. Ana rufe karɓar fasinja rabin awa kafin tashi. Jiragen sama na kamfanin Loganair da ke zuwa Kirkwall kuwa, ban da tsada, ƙanana ne, kuma nauyin kayan da suke yarda da shi bai kai na jirgin da zai kawo shi daga gida ba, sai ya biya ƙari a kan akwatunansa. A jirgin ruwa ba ya cikin wannan damuwar. In ya zauna ya samu adireshi, ya tambayi rangwamen da ake yi wa mazauna tsibiri a jirgin ruwa.

Ya sani kuma bankunan Sikotilan suna buga takardun fam nasu daban da na Ingila. A can duk ɗaya ne, amma ran dawowa kada ya taho da su, 'yan canji a Wapa ba lallai su karɓa ba.

Ina roƙon ka Malam, kada tsimi ya sa ya shekara tsakanin ɗaki da aji. Abubuwan gani da yawa kyauta ne. Da'irar duwatsun Brodgar da na Stenness, waɗanda aka kafa shekaru dubbai da suka wuce, ba a biyan ko kwabo, kuma da keke ana zuwa daga Stromness. Ya sayi keke na hannu, zai rage masa kuɗin bas. Skara Brae ana biya, amma ya cancanta: ƙauye ne na dutse mai shekara wajen 5,000 da yashi ya binne, guguwar 1850 ta tone shi, har gadajensu da ma'ajiyar kayansu na dutse suna nan. Daga Stromness akwai ƙaramin jirgin ruwa zuwa tsibirin Hoy, rabin awa, a can bakin teku a Rackwick akwai ɗakin dutse da matafiya ke kwana kyauta, sai dai mutum ya je da abin shimfiɗarsa da abincinsa.

Ku da kuke manoma, akwai abin da zai ba ku labari. Mutanen Orkney makiyayan shanu ne na gaske, shanunsu sun fi su yawa. A tsibirin North Ronaldsay kuma, tun 1832 suka zagaye tsibirin da katangar dutse suka tura tumaki bakin teku don su bar wa shanu ciyawa, har tumakin suka koma cin ganyen teku, a kansa suke rayuwa har yau. In ya samu hutu da ɗan canji, Shetland ma ba ta gagara ba. Jirgin nan da ke tsayawa Hatston da dare ya hau shi, ya kwana a kujera ba sai ya kama ɗaki ba, gari na wayewa yana Lerwick. Amma kada wani ya ruɗe shi da zuwa tsibiran Faro ko ƙasar Aisilan ko Nowe, bizarsa ba ta kai can ba.

In ya sauka Edinburgh ya kira ni. Zan turo maka lambata ta saƙon sirri.

Malamin Firamare, ƙasar Jahun

Alhamdu lillahi. Mun zauna da shi daren jiya mun tsara: Edinburgh, kwana a Inverness, Thurso, sai Stromness, kuma zai isa kwana biyar kafin ranar rajista, ba ranar Lahadi ba. Direba, mun tambayi farashin Kano, muna jiran amsa. Makarantar ta amsa wasiƙarsa, sun haɗa shi da wasu ɗalibai biyu da ke neman na uku a gida ɗaya, hayar har ƙarshen Mayu, wuta ba ta ciki. Na ce kada ya amsa tukuna.

Inna ta yarda da minti 90 ɗin, da sharaɗin zai kira ta kafin ya hau da kuma bayan ya sauka. Man shanun ta ce a kai wa ƙanwarta.

Anti, gidan nan da wuta ba ta ciki, me zai tambayi mai gidan don mu san abin da hunturu zai ci kafin ya sa hannu? Kuma daga Yuni zuwa Agusta, ina waɗanda suka gabace shi suke komawa?